Tsoho Ya Tafi Bai Gama Mini Da'ira Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wannan na sani tun ban iya ɗaura wando ba. Abin da ban taɓa zato ba shi ne kiran kakana zai zo ana saura 'yan makonni in zauna jarrabawar lissafi.

Kafin wani ya ce yaron nan ba shi da ta-ido, bari in tuna masa cewa ni jika ne. A wajenmu jika yana da izinin tsokanar kakansa yana raye, kuma mutuwa ba ta karɓe izinin. Idan na bar tsokana kuka zan yi, kuma na riga na yi kukan har Inna, mahaifiyata, ta ce in rage wa sauran jikoki nasu rabon.

Ranar da aka kai Tsoho, haka nake kiransa, ƙofar gidanmu a Bagudo ta cika har akuyar maƙwabta ta rasa inda za ta tsaya. An zo daga Bahindi, an zo daga Kurgu, 'yan kasuwar Lolo sun rufe rumfunansu sun zo. Malamin firamare ne har ya yi ritaya, don haka rabin masu furfurar da ke kan tabarma ɗalibansa ne. Ni na zaci kowa zai yi ta faɗin irin ƙoƙarin da ya yi a ajinsa. Ina! Gasar daƙiƙanci suka buɗe.

"Wallahi ajinmu babu daƙiƙi irina," in ji wani mai farin gemu har ƙirji.

"Kai dai, rufa mana baki," in ji na kusa da shi. "Ni da nay yi shekara ban yarda bakwai ta ɗara shidda ba? Kuma ko sau guda bai buge ni ba."

Suka yi dariya, sai mai gemun ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

A cikin gida, Iya, kakata mace, tana zaune mata sun kewaye ta. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Mita take yi. Wai duk rigarsa da ta ɗaga sai guntun alli ya faɗo. Wai shekara da shekaru tana shafe bangon zaure, shi yana bi da gawayi yana ɓata mata. Sai kuma ta ce, "Yanzu bango ya huta."

Tambaya guda ce ta yi ta yawo a bakin mutane: ina taubashinsa? Tsoho yana da taubashi, ɗan goggonsa, wanda ya tashi a tsallaken iyaka, ƙasar Benin, ya yi bokon Faransanci, shi ma ya koyar har ya tsufa. Mu yara Tsohon Tsallake muke ce masa. Bai zo jana'iza ba, bai zo addu'ar uku ba. Goggona ta ce, "Ko dai har yanzu gardamar ce?"

Kowa na cewa Tsoho ya gama aikinsa lafiya. Ni kaɗai nake zaune a bakin tabarma ina cewa a raina: bai gama ba. Saura da'ira.

Bara da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, na ci komai sai lissafi. Faɗuwar da na yi a lissafi, da a rijiya na yi ta da har yau ban kai ƙasa ba. Ni kuwa burina in shiga makarantar koyon aikin lafiya a Birnin Kebbi, kuma can ko ƙofa ba sa buɗe wa wanda ba shi da lissafi. Da na ga takardar, sai na haye rumbun geronmu na shige ciki na ja murfi. Aka neme ni har bakin kogi. Tsoho bai nemi kowa ba. Ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a gindin rumbun.

"Rumbu," ya ce, "an ce ka haɗiye min jika. In shina ciki, ka ce mishi ba ni fasa rumbu don daƙiƙi guda."

Na ƙara lafewa a ciki. Ƙaiƙayin gero yana cina kamar an zuba mini tururuwa a riga.

"Rumbu, tambayi jikan nan. Tambaya ta farko da anka yi musu, ta ina yab biyo?"

Ban san lokacin da na fara magana ba. Daga cikin rumbu na ba shi labarin yadda na bi tambayar, mataki bayan mataki, ina atishawa. Bai katse ni ba. Da na kai wani wuri sai ya buga rumbun da sandarsa.

"Nan kab bar hanya. Rabawa ce ba ka iya ba. Tun firamare ka ɓace, sauran duk yawon daji ne. Fito, Iyarka ta dama fura."

Wannan ita ce tambayarsa, kuma duk wanda ya zauna gabansa ya san ta. Yakan ce wanda ya ɓace a daji ba a fara da nuna masa gari, sai an ji ta ina ya biyo, in ba haka ba gobe ma nan zai sake bi.

Baba bai ga abin dariya a maganar rumbu ba. Shi a ganinsa an gama. Baffa, ƙaninsa, yana da babura biyu da yake ɗaukar kaya da su zuwa Lolo da tsallake, kuma ɗaya yana neman mai tuƙi.

"Baba, yaron ga ba kan boko gare shi ba," Baba ya ce wa Tsoho a zaure, kansa a ƙasa.

"Kai kan mi gare ka sadda kake kamar shi? Ko in kira Iyarka ta faɗa?"

Baba ba ya ɗaga wa mahaifinsa murya, don haka faɗan nasu na shiru ne. Ya daina cin tuwo a zaure. Tsoho shi ma ya daina aiko masa da goro. Iya ta zama 'yar aike tsakanin ɗaki biyu da ko kaza za ta iya tsallakawa. Da ta gaji, ta ce ko su shirya ko ta daina girki gaba ɗaya, gidan kowa ya ci lissafi. Washegari Baba ya shigo zaure ya ce, "In dai kai ne za ka zauna da shi, na bar maka shi har jarrabawa."

In dai kai ne. Ku riƙe wannan, don ni ma ban riƙe ta ba sai da ta dawo ta same ni.

Koyarwar Tsoho kuwa, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Ba ya koyarwa. Shi ne ɗalibi. Yakan miƙa mini gawayi ya zauna a ƙasa ya ce, "Ni tsoho ne, na manta. Koya min." Kuma tun da aka halicci aji ba a taɓa yin ɗalibi mai taurin kai irinsa ba. Kowane layi na rubuta sai ya ce, "Don mi?" In na ce haka aka ce a yi, sai ya ce, "Wa yac ce? Kira shi." Wani lokaci ya karɓi gawayin ya shiga kuskure da gangan, da ƙarfin hali kamar mai gaskiya, yana satar kallona. In ban kama shi ba, haka zai yi ta tafiya har amsa ta nuna jaki ya fi mota gudu, sannan ya juyo ya ce, "To, gobe mu sai da motar gari mu sayi jakai."

Ba ya fara darasi sai ya tambaya ko na ci abinci. Wai lissafi ba ya shiga inda tuwo bai riga shi ba. In na yi saurin cewa na gane, sai ya ƙwala wa ƙanwata kira, 'yar firamare mai bakin tsiya, ya ce in koya mata. In ta gane, na gane. In ta ce "Yaya, ƙarya kake," sai mu koma farko. Kuma duk ranar da na ci wata tambaya mai wuya da kaina, nan take yake rufe darasi, ko da yanzu muka zauna. "Tashi da daɗinta a bakinka," in ji shi, "gobe da kanka za ka dawo."

Wata rana na tsokane shi na ce, "Tsoho, in ka mutu wa zai koya mini?"

"Kai za ka riga ni, da irin gudun da kake da keke."

Sai kuma ya daina dariya. "In ka tahi neman malami, kada ka dubi takalminshi ko Turancinshi. Kai mishi amsar da ba daidai ba. In ya ja mata layi ya rubuta tashi, wannan mai gyaran takarda ne, yi mishi godiya ka tashi. In ya tambaye ka ta ina kab biyo, zauna."

Gardamarsa da Tsohon Tsallake kuwa ta girmi Baba. A kan rabawa ce. Mu a nan, in za mu raba lamba, muna zana mata 'yar rumfa, mu sa ta a ciki, mai rabawa yana waje ta hagu, amsa kuma a saman rufi. Su a tsallake sai su ja layi a tsaye kamar turke, mai rabawa a dama, amsa a ƙarƙashinsa. Amsa ɗaya ake samu. Amma duk sallar da Tsohon Tsallake ya zo, kafin a gama gaisawa sun durƙusa a ƙasa kowa da tsinkensa.

"Wane mai hankali ka aza amsa bisa rufi kamar zakara?" in ji Tsohon Tsallake.

"Gara zakara," in ji Tsoho. "Ku da ke ɗaure lamba ga turke, amsa ta zubo ƙasa kamar kashin awaki?"

Akwai shekarar da naman sallah ya huce a gabansu, ƙuda suka yi biki. A ranar ne Tsohon Tsallake ya ɗaga tsinkensa ya rantse a gaban kowa cewa hannunsa ba zai taɓa zana rumfar nan ba har a binne shi. Tsoho ya ce to a binne shi da turkensa.

Darasinmu na ƙarshe a gindin mangwaron ƙofar gida muka yi, zafin bazara ya kore mu daga zaure. Mun gama rabawa, mun gama su kusurwa da alwatika, saura da'ira, kuma ita ce nake tsoro fiye da macijin rumbu. Tsoho ya kafa ɗan turke, ya ɗaura igiya, ya ja tsinke ya kewaya. Ya ce duk duniya babu mai iya da'ira kamar akuyar da aka ɗaure. Ya dubi zanen ya ce, "Yau mun kewaye ta. Gobe mu shiga ciki."

Da goben ta zo, zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba.

Na jera duwatsu na kewaye da'irar don kada masu gaisuwa su taka. Sun taka rabi duk da haka.

Bayan addu'ar uku Baba ya kira ni. Idonsa ya yi ja. Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi.

"Da kakanka nay yi alkawari, kuma ya tahi. Ranar jarrabawa ka je ka zauna, ban hana ba. Amma ba ni barin ka zaune gindin mangwaro kana kallon ƙasa. In an yi bakwai ba ka da malami, ka bi Baffanka."

Duk wanda ya taɓa ganin masu baburan nan ya san abin da wannan ke nufi. Su fita da asuba, su dawo bayan magariba, ƙura har cikin kunne, ko sunansu ba sa iya tunawa balle da'ira. In na hau babur ɗin nan, jarrabawa ta faɗi tun ba a raba takarda ba, kuma babu wani Tsoho da zai sake roƙa mini shekara.

Na zauna na yi wata tambayar da'ira ni kaɗai. Ba sai na yi kuskure da gangan ba, kuskuren da kansa ya zo. Na ninke takardar na sa a aljihu, na shiga neman malami, mutane na zaman makoki a ƙofar gidanmu ni ina yawo a kan keke kamar marar gado.

Na fara da wani saurayi mai bautar ƙasa a makarantarmu. Mutumin kirki ne, har ruwan sanyi ya ba ni. Ya karɓi takardar, kafin in gama zama ya ja mata jan layi, ya juya bayanta ya cika shi da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i. "Ka gane? Yawwa, ka gane." Shi ya yi tambaya, shi ya amsa. Na fito na tabbata ƙwarai cewa ya iya lissafi. Ni dai yadda na shiga haka na fito, sai ruwan sanyi.

Abokaina suka ce in je Lolo ranar kasuwa, akwai wani mai shagon cajin waya da ba a faɗuwa a hannunsa. Na taka keke cikin rana har inuwata ta gaji ta tsaya a hanya. Mutumin ko buɗe takardar bai yi ba.

"Ƙanena, bar wahal da kanka. Wa ke karatu yanzu? Ranar jarrabawa amsa za ta same ka har kan benci."

Ba zan ɓoye ba, na daɗe tsaye a ƙofar shagon nan. Ga babur a bayana, ga wannan a gabana. Sai na ji kamar Tsoho yana cewa, yadda ya saba faɗa wa masu satar amsa, wanda aka goya ya ƙetare kogi, ranar dawowa fa? Kuma ni aikin lafiya nake so. In aka goya ni na shiga, wa zai goya ni ranar da za a ce in auna wa ɗan wani magani? Na hau kekena.

A Bahindi aka nuna mini wani tsohon malami. Ya dubi amsata, ya dubi bulalar da ke rataye a bango, ya sake duban amsata. Ban jira kallo na huɗu ba. Ina jin har na iso Bagudo keken yana bayana yana ƙoƙarin cim mini.

Ranar bakwai da safe Baffa ya zo da babur ɗin, an wanke shi yana ƙyalli, ya jingine shi a jikin mangwaro, dab da duwatsuna. Aka yi addu'a, aka raba gumba da waina. Na tsuguna a bakin rabin da'irar da ta rage, takarda a hannu, ina cewa a hankali, "Tsoho, kai ka ce gobe. Tsoho, kai fa ka ce gobe."

Sai ga wani babur ya tsaya. Aka sauko da wani tsoho siriri, ƙafarsa ɗaya a naɗe da tsumma, ashe ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi duk kwanakin nan. Tsohon Tsallake ne. Bai yi sallamar makoki ba. Ya dogara sanda ya tsaya a tsakiyar taro ya ɗaga murya.

"Ina matsoracin nan? Ya ga na kusa kada shi gardama, shi ne ya gudu?"

Sai dariya ta fashe, dariyar da rabinta kuka ne. Daga cikin gida aka ji Iya ta rushe da kukan da ta riƙe tun ranar farko. Wasan taubasai ke nan, ba mai hana shi, ko a bakin kabari.

Ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Sannan ya dubi Baba. "To ɗana, taubashi bai tashi makoki hannu wofi. Ina rabona?"

Baba ya sa aka fito da babbar rigar Tsoho. Ya ce ta yi masa yawa. Aka kawo sandarsa, ya ce yana da tasa, kuma ta fi kyau. Aka kawo buzu, ya ce ƙuma. Yana cikin ƙi sai idonsa ya faɗa kan duwatsuna, da turken, da ni.

"Kai ne daƙiƙin rumbu? Ya ba ni labarinka. Mi ke hannunka?"

Na miƙa masa. Ya nisantar da takardar daga idonsa, ya matso da ita, ya yi tsaki.

"Wagga amsa ko jaki bai yarda da ita," ya ce. Ya ɗago ya dube ni. "Ta ina kab biyo?"

Na zauna daɓas a ƙasa. Na buɗe baki in yi bayani, sai kuka ya riga bayanin fita.

"Mi na na kuka? Tambayar? Ai tawa ce, sata yay yi. Kakarmu ka yi muna ita in mun ɓace wurin kiwo." Ya juya wajen Baba. "Wanga nika ɗauka. Shi ne rabona. A share min ɗakin matsoracin, nan nika zama har a yi jarrabawa."

"Baba, ai yaron..." Baba ya fara.

"Ni da ubanka kaka guda. Gaban mutane za ka hana ni rabona?"

Baba ya dubi ƙasa. Ya dubi Baffa. Baffa ya zare makullin babur ya jefa a aljihu, ya ɗauki waina. Baba ya ce, "Har jarrabawa," kuma na ga ya juya ya share ido da hannun riga.

Da la'asar, bayan mutane sun ragu, muka zauna a gindin mangwaro. Ya sa na ɗaura igiya na cike rabin da'irar da aka take. Na ba shi labarin hanyata tun daga farko, bai katse ni ba, har muka iso inda za a raba da bakwai. Nan na ɓace, ashe tsoro ne ya sa na tsallake mataki. Ya ce bari ya nuna mini. Ya ɗauki tsinke, ya ja layinsa a tsaye, ya sa bakwai a dama.

Na kalli zanen. Kaina ya juya. Duk abin da Tsoho ya gina mini a shekara guda na ji yana zamewa, lambobin sun koma baƙi, kowace ta zauna a gidan da ba nata ba. Na ci gaba da kallon zanen, ina tsoron kada ya yi fushi ya koma tsallake. Amma shi ba zanen yake kallo ba, fuskata yake kallo.

Sannan ya sa tafin hannu ya share turkensa. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya zana 'yar rumfa, karkatacciya kamar wadda iska ta buga, ya sa lamba a ciki, bakwai a waje ta hagu. Ya miƙo mini tsinken.

"Hau da zakaranka bisa rufi," ya ce. "Kuma kada ka gaya mishi."

Tsoho, ga shi na gaya maka. Ka ci gardama. Jarrabawa tana nan tafe, ban san yadda za ta kaya ba, amma mun shiga cikin da'irar, kuma jiya ƙanwata ta ce ta gane. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci fiye da duk da'irar da ka taɓa zanawa, Ya sa in an tambaye ka ta ina ka biyo, amsar ta zo maka da sauƙi. Amin.